Luwiziyana, ƙasar da ruwa ke ci

Idan aka ambaci Amurka, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne dogayen gidajen Niyu Yok, da sanyin ƙanƙara, da mutane masu gaugawa waɗanda ba su da lokacin gaisuwa. Amma Amurka jahohi 50 ce, kowace da halinta. A wannan mako za mu gangara da ku kudu, zuwa jahar Luwiziyana, inda kogin Misisipi ke zuba cikin tekun Meksiko. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita dubu 135, wato ta ninka jahar Maraɗi sau uku amma ba ta kai ta Damagaram ba. Mutanenta kimanin miliyon 4 da dubu 600 ne, kashi ɗaya cikin uku baƙar fata. Fadar mulkinta na Baton Ruj, babban birninta kuwa shi ne Nubel Orleyan, wanda Amurkawa ke kira Niyu Olins.

Ɗan Nijar da ya zagaya wannan jaha ba zai rasa abin kallo ba, amma abu biyu za su tsaya masa a rai: ƙasar da ke zamewa daga ƙarƙashin ƙafar mutane, da harshen da ke zamewa daga bakinsu. Dukkansu biyun ba abokin gaba ne ya ƙwace su ba. Dabarar da aka yi don tsira ita ce ta ci su.

Sunan sarkin Faransa, kuɗɗin Amurka

A shekara ta 1682 wani Bafaranshe mai suna La Salle ya biyo kogin Misisipi cikin kwalekwale har bakin teku, ya ce duk ƙasar da kogin ke shayarwa ta zama ta sarkinsu Luwi na 14. Daga sunan sarkin aka samo Luwiziyana. Bai shawarci mutanen da ya tarar ba, irin su Citimaca da Huma, waɗanda har yau jikokinsu na nan. A 1718 Bienville ya kafa Nubel Orleyan a wata kwanar kogin. A 1762 Faransa ta miƙa ƙasar ga Ispaniya, daga baya ta karɓe ta, sannan a 1803, da bayin Hayiti suka karya lagon sojojin Napoleyon, sai ya sayar wa Amurka da ita a kan dala miliyon 15, dalar Amurka ba tamu ba. Yankin da aka sayar ya fi Nijar faɗi nesa ba kusa ba. Jahar yau guntunsa ce ta kudu, wadda ta shiga tarayyar Amurka a 1812.

Sawun Faransa bai goge ba. Sauran jahohi sun gaji shari'ar Ingila, amma a Luwiziyana dokar gado da ta aure da ta ciniki tushensu na Faransa da Ispaniya ne, ƴan uwan wanda alƙalanmu suka karanta. Gundumominta 64 kuma ana kiran su paruwas, sunan da limaman Katolika ke ba yankin coci guda.

Zafin da ba na gida ba

Mu da muka saba da bazarar Tawa muna ganin babu zafin da zai ba mu tsoro. Na Luwiziyana wani iri ne. A watannin Yuli da Agusta ma'auni ba ya yawan wuce digiri 33 ko 34, abin da a wurinmu sauƙi ne, amma iskar cike take da laima. Zufa ba ta bushewa, inuwa ba ta da amfani, riga kuwa kafin ka kai bakin titi ta manne maka a baya. Dare ma ba ya kawo sanyi. Shi ya sa tsofaffin gidaje ke da dogon rufi da baranda mai faɗi, na yau kuwa kowane da na'urar sanyaya ɗaki tana gunji dare da rana.

Ruwan sama da ke sauka a Nubel Orleyan cikin shekara ya kai milimita 1600, wato daminar Maraɗi uku, kuma babu watan da ba a yinsa. Da rana tsaka hadari ya haɗu, a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayan awa guda rana ta fito, titi ya dinga tururi. Sanyinsu gajere ne, har da dusar ƙanƙara ta sauka kimanin santimita 20 a birnin a watan Janairu na 2025, sai komai ya tsaya cik. Abin da kowa ke tsoro shi ne lokacin mahaukaciyar guguwar teku, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Kamar yadda manominmu ke ɗaga kai yana neman hadari, haka mutumin Luwiziyana ke duban taswirar yanayi yana roƙon hadarin ya kauce.

Kudancin jahar ba a iya cewa tudu ne ko ruwa. Fadama ce marar iyaka, da ƙoramu masu tafiyar hawainiya da suke kira bayu. Manyan itatuwa na tsaye cikin ruwa, wata ciyawa toka-toka na reto a rassansu kamar gemun dattijo, kada na kwance a gindinsu, sauro kuwa ba a magana. Tsakanin Baton Ruj da Lafayet mota na tafiyar kilomita 29 a kan gada guda, ba ka ganin komai dama da hagu sai fadama. A tsofaffin maƙabartun Nubel Orleyan ma a saman ƙasa ake gina wa mamaci ɗan ɗaki, don ba a nisa da haƙa ake tarar da ruwa. Arewacin jahar dabam yake, ƙasar jigawa ce da daji, amma ko can tudun da ya fi kowane tsawo mita 163 ne kacal.

Ganuwar da ta tsare birni, ta kashe fadama

Misisipi ba ƙaramin kogi ba ne, ruwan jahohi 31 yake kwasowa. Shekaru dubbai yana ambaliya yana zubar da laka, kuma wannan laka ita ce ta gina kudancin Luwiziyana baki ɗaya. Da mutane suka zauna, sai suka shiga gina masa ganuwar ƙasa hagu da dama. Bayan babbar ambaliyar 1927 gwamnatin tarayya ta ɗauki aikin, ta ɗaure kogin tun daga sama har bakin teku. Garuruwa suka samu barci, jiragen ruwa suka samu hanya. A Nubel Orleyan sai ka hau ganuwa ka ga jirgin dakon kaya yana wucewa sama da kan masu tafiya a titi.

To amma lakar da a da ke ciyar da fadama yanzu sai ta wuce kai tsaye ta faɗa cikin zurfin teku. Ƙasa na lotsawa, ba mai ƙara mata. Kamfanonin man fetur kuma suka haƙa magudanai na dubban kilomita cikin fadamar, ruwan gishiri ya biyo su ya ƙone ciyawa. Daga 1932 zuwa 2016 jahar ta yi asarar ƙasa fiye da murabba'in kilomita dubu 5. Mu rairayi ke cin gonakinmu, su teku ke cin nasu. Akwai wani tsibiri, Il da Jan Sharl, mazaunin jikokin mutanen farko na ƙasar, wanda kashi 98 cikin ɗari na ƙasarsa ya nutse tun 1955. A 2016 aka ware dala miliyon 48 don a tashe su, a 2022 suka fara komawa sabon matsuguni can cikin tudu, suka bar kaburburan kakanninsu ga ruwa.

Birnin kansa haka ya yi. Tun farkon ƙarni na 20 aka kafa manyan famfuna masu zuƙe ruwan fadama don a samu filin gini. Ƙasar da aka busar ta yi ta sauka, har kusan rabin birnin ya koma ƙasa da bakin teku, kamar akushi. Ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta iso, fadamar da a da ke rage mata ƙarfi ta ragu, ganuwa ta fashe a wurare fiye da 50, ruwa ya rufe kashi 80 cikin ɗari na birnin. Mutum fiye da dubu suka mutu a jahar, yawancinsu tsofaffi da talakawan da ba su da motar gudu. Mutanen Haro Banda da suka ga ganuwar kogin Isa ta fashe a 2020 sun san irin wannan dare.

An kashe kimanin dala miliyar 14 da rabi an sake ɗaure birnin, kuma da guguwar Ida ta zo a 2021, ita ma ranar 29 ga Agusta, ganuwar ta riƙe. Duk da haka birnin da ke da mutum dubu 485 a ƙidayar 2000, dubu 384 aka samu a ta 2020. An kuma fara wani babban aiki a 2023 na huda ganuwa a ƙasan birnin, don kogi ya koma zuba laka cikin fadama. Masunta suka ce ruwan daɗi zai kashe musu sana'a, kuɗɗin aikin ya yi ta hawa, a 2025 gwamnatin jahar ta soke shi. Kowa na son a ceci ƙasa, amma ba mai son a fara ta kan tukunyarsa.

Sawun Afirka

Jiragen bayi na farko sun iso a 1719 daga Wida, garin nan da ke yamma da Kotonu. A zamanin mulkin Faransa mafi yawan waɗanda aka kawo daga yankin kogin Senegal da Gambiya suke, Bambara da Wolof da Mandinka da Fulani, kuma da gangan aka nemi waɗanda suka iya noman shinkafa. Wata masaniyar tarihi, Gwendolyn Midlo Hall, ta tone takardun ciniki da na gado ta tattara bayanin bayi fiye da dubu 100, kuma cikin ƙabilun da aka rubuta har da Hausawa. Kafin yaƙin basasar Amurka babu kasuwar bayi da ta kai ta Nubel Orleyan girma a ƙasar. A Janairun 1811 ɗaruruwan bayin gonakin rake suka yi tawaye ƙarƙashin Charles Deslondes suka doshi birni. Aka murƙushe su, aka kafa kawunansu a kan sanduna bakin ganuwa. Gidan gonar Whitney, da aka mayar gidan tarihi a 2014, labarin bayin yake bayarwa ba na iyayengijinsu ba, kuma wani masani ɗan Senegal, Ibrahima Seck, ya jagoranci bincikensa.

Abin da waɗannan bayin Allah suka zo da shi a ka bai mutu ba. Miyar da jahar ke taƙama da ita sunanta gombo, wato kuɓewa, da shinkafa ake cin ta. Jambalaya dafa-duka ce ba ragi. Ranar Litinin kuwa al'adar birni shinkafa da wake. A tatsuniyoyin ƙauye har yau akwai Buki da Zomo, buki kuwa kura ce da Wolof, ga shi babu kura a Amurka. A dandalin Kongo bayi ke taruwa ranar Lahadi suna kiɗa da rawa, kuma a wannan birni aka haifi kiɗan jaz da gwaninsa Louis Armstrong, wanda filin jirgin sama ke ɗauke da sunansa. Sai dai Musulmi ya yi hattara da tukunya, domin naman alade na shiga kusan kowace miya, har da waken Litinin. A tambaya kafin a sa hannu.

Halin mutane

Mutumin Luwiziyana ba ya gaugawa. Zai gaishe ka ko bai san ka ba, ya tambayi inda ka fito, ya tambayi iyali, maganar abinci kuwa ba ta ƙarewa. Yara na girmama manya a magana. Ƴan kasuwarmu za su ji daɗin sanin cewa suna da kalmar lanyap, wato ɗan abin da mai kanti ke ƙara wa mai saye bayan an gama ciniki: gyara kenan. A unguwannin baƙar fata akwai tsofaffin ƙungiyoyin taimakon juna masu kama da adashi, waɗanda aka kafa don jinya da jana'iza a zamanin da kamfanonin inshora ba su karɓar baƙi. Su ke raka gawa da algaitun ƙarfe da ganguna, da kiɗa mai sanyi a tafiya, mai zafi a dawowa. Baƙon da ya saba da shirun maƙabarta zai yi mamaki, amma su a wurinsu girmamawa ce.

Kudu ƴan Katolika ne masu son biki. Babban bikinsu Mardi Gra, ana yinsa kafin azumin Kirista, da jerin gwano da ɓad-da-kama da shaye-shaye. Arewa kuwa mabiya Baftis ne masu tsanani, halinsu ya fi kama da na maƙwabtansu na Teksas da Misisipi. Wanda ya zauna da su zai ga son bikin nan ba shashanci ba ne kawai. Mutanen da suka san cewa dare guda na iya kwashe gida da abin da ke ciki ba su ɗaga murnar yau zuwa gobe.

Dukiya kuwa akwai ta. Fiye da rabin hatsin da Amurka ke fitarwa waje, masara da waken soya da alkama, ta wannan kogi yake gangarowa a loda shi a tashoshin Luwiziyana. Ga rake, ga shinkafa, ga kifi, ga man fetur da gas. Tsakanin Baton Ruj da Nubel Orleyan, a tsofaffin gonakin bayi, masana'antun sinadarai fiye da ɗari sun jeru bakin kogi, har ana kiran yankin lungun ciwon daji. Amma kusan mutum ɗaya cikin biyar na jahar talaka ne a ma'aunin Amurka, kisan kai da bindiga ya yi yawa, kurkuku cike. Arziki na bi ta ƙofar gida ya wuce. Mu da ke da yuraniyom ba sai an fassara mana ba.

Inda aka bugi yara don Faransanci

Yammacin fadama, kewayen Lafayet, ƙasar Kajan ce. Kakanninsu manoma ne masu jin Faransanci da Ingila ta kora daga Akadi, cikin Kanada ta yau, a 1755. Suka watsu cikin duniya, wasu suka iso nan a 1765, wasu kimanin 1600 suka biyo cikin jirage bakwai daga Faransa a 1785. Suka shige fadama suna noma da su da farauta, suka riƙe harshensu shekara ɗari da hamsin. Baƙaƙen yankin kuma suna da nasu, Kiriyol, wanda ya fito daga cuɗanyar Faransanci da bakin ƴan Afirka.

A 1916 aka tilasta sa yara makaranta, a 1921 tsarin mulkin jahar ya ce da Ingilishi kaɗai za a koyar. Yaron da Faransanci ya kuɓuce masa sai a doke shi, ko a sa shi durƙuso a kan ƙwayar masara, ko a sa shi cika allo da alkawarin ba zai ƙara ba. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi lakwal sun san sambol, abin nan da mushe ke rataya wa yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiya. To a lokacin da ake rataya shi a Damagaram don a cusa Faransanci, a Lafayet ana bugun yara ne don a fitar da shi. Ashe ba harshe ke da girman kai ba, mai riƙe da bulala ne.

Waɗannan yara da suka girma, sai suka ƙi koya wa ƴaƴansu harshen, don kada su sha abin da suka sha, don su samu aiki a kamfanin mai. Ba ƙiyayya ba ce, tausayi ne. Faransanci ya koma harshen da iyaye ke yi in ba su son yara su ji. A 1968 jahar ta farga, ta kafa hukumar CODOFIL ƙarƙashin James Domengeaux don farfaɗo da shi, har ta dinga ɗauko malamai daga Faransa da Beljiyam da Kanada da Afirka ta Yamma. Yau yara kimanin dubu 5 na karatu a azuzuwan Faransanci. Amma ƙidayar 1990 ta samu mutum kimanin dubu 250 masu yinsa a gida, yanzu ba su kai rabin haka ba, masu Kiriyol kuwa ba su kai dubu 10 ba. Za ka gamu da mai suna Broussard ko Thibodeaux wanda bai iya amsa gaisuwar kakarsa ba. Tsoffin da suka rage, in suka ji baƙo daga Afirka na yin harshen, sai su fara ba shi haƙuri, wai nasu ba mai kyau ba ne. Bulalar ta daɗe da faɗuwa, tabonta bai tafi ba. Kiɗansu na akordiyon da goge ya tsira, abincinsu ya tsira, amma matasa da yawa na rera waƙar da ba su san ma'anarta ba.

Duniya juyi-juyi. A Yamai aka aza harsashin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ranar 20 ga Maris 1970. Luwiziyana ta shige ta a matsayin ƴar kallo a 2018, Nijar ta fice a 2025, shekarar da aka ayyana Hausa harshen ƙasa.

Abin da za mu ɗauko

Wanda ya gina ganuwa bai yi laifi ba, ƴaƴansa yake tsarewa. Uwar da ta hana ɗanta harshen kakanni ita ma gobensa take nema. Sai dai a duka biyun jikoki aka bar wa biyan bashin, kuma gyaran ya fi ɓarnar tsada nesa. Hausa ba ta cikin halin Faransancin Kajan, kasuwa na riƙe da ita daga Agadas har Kumasi. Amma a gidajen wasu ma'aikata a Yamai akwai yaran da ba su iya gaida kakansu yadda ya kamata in ya zo daga ƙauye, kuma a Lafayet da haka aka fara. Sannan tunda harshenmu ya samu kujera, sai mu tuna da Tasawak na In Gal da Buduma na bakin tafkin Cadi, waɗanda masu yinsu ba su da yawa, kada mu zame musu abin da Ingilishi ya zame wa Kajan.

Mai niyyar ziyara ya tafi tsakanin Nuwamba da Afrilu, lokacin da guguwa ta lafa, laima ta yi sauƙi. Kada ya tsaya a birni kaɗai, ya haye gadar fadama zuwa Lafayet, ya nemi tsofaffi ya gaishe su da Faransanci tun suna nan.